Yadda Aka Tokare Makarantarmu da Noelia

Na daɗe ina haɗiye maganar nan, har ta fara tsaya mini a wuya. Duk baƙon da ya biyo ta Paso Larrosa sai an ja shi ya ga makarantarmu, ɗaki ɗaya tal na dutse da rufin kwano, a gaya masa ta yi shekara ɗari cur ba a rufe ta ko na zango ɗaya ba. Ba ƙarya aka yi masa ba. Amma ni Zulma, da na yi shekara ashirin da biyu ina dafa wa ɗalibanta abinci, na san abin da aka cike shekara biyun ƙarshe da shi. A gidanmu aka ƙulla abin, ina zaune, ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha, a hannuna.

Wata Lahadi ce a watan Disamba, ana gab da hutun ƙarshen shekara, lokacin bazara ke nan a wajenmu, zafi kamar ya dafa mutum. Yayana Wilmar yana gasa haƙarƙarin tunkiya a tsakar gida, matarsa Mirta tana yanka burodi. Autanmu Heber ya zo daga sabon gidansa na bakin hanya, da matarsa da ɗansu Tadeo mai shekara biyu. Noelia, 'yar Wilmar, sai kai da kawo take yi, baki har kunne. Shekararta sha biyu, ta gama aji shida, an ba ta gado a gidan kwanan ɗalibai na gari, za ta shiga sakandare a watan Maris. Sati biyu ke nan tana haɗa jakarta tana kwancewa tana sake haɗawa.

Babanmu, wanda ake kira Don Ademar saboda girmamawa, sai da ya bari kowa ya cika baki da nama sannan ya yi magana.

"Yarinyar nan ba za ta je gari a Maris ba."

Mirta ta ajiye wuƙa. "Baba, ai kun san an riga an ba ta gado."

"Gadon zai jira ta."

Duk mun san inda ya dosa. A shekarar ɗalibai uku ne kacal a makarantar: Noelia da wasu yara biyu 'ya'yan makiyayi. Gonar da ubansu ke wa kiwo an sayar wa kamfanin katako, za a dasa itatuwan turare, sun riga sun ɗaure kayansu. Ita kuwa dokar hukumar ilimi ba ta da kwana-kwana: makarantar da ta wayi gari babu ɗalibi ko ɗaya, rufe ta ake yi. Mun ga yadda aka yi da ta ƙetaren rafi. An kwashe bencinta a mota, ɓarayi suka yaye kwanon, yau tumaki ke kwana a ciki.

"Kakana da shanu huɗu ya jawo duwatsun ginin nan daga rafi," in ji Baba. "Wata bakwai yana yi. A zamanina mu arba'in da shida ne a ɗakin nan, malami ɗaya, wasu a kan buhu suke zama. Saura shekara biyu ta cika ɗari. A hannuna za ta mutu tana casa'in da takwas?"

Labarin shanu huɗun nan ko a barci aka tashe mu za mu kawo shi. Heber har motsa baki yake yi yana bin Baba a ɓoye.

Noelia ta ce, "Kaka, ai na ci jarrabawa."

"Takarda ke faɗin wanda ya ci, kuma Malama ba ta rubuta ba tukuna. Shekara ɗaya ce, 'yar nan. Baɗi mu roƙi alfarma a rubuta Tadeo ko bai kai shekara huɗun da suke cewa ba, ke kuma ki kama hanyarki."

Heber ya tuntsire da dariya. "Ke da kika samu? Makaranta guda taki ke kaɗai, malama taki, mai girki taki. Ko 'yar shugaban ƙasa ba ta samu wannan gata ba."

Yarinya ta dubi ubanta. Wilmar ya sunkuya yana juya naman da ya riga ya gasu. Ta dubi uwarta, ta dube ni. Ni kuma na zuba ruwan zafi a ƙoƙo na miƙa wa Baba.

Malama Estela ba ta ba shi wahala ba. Washegari na ji su daga kicin, don katako ne kawai tsakanina da ajin. Ta ce ba ta taɓa koyar da yarinya mai kai irin na Noelia ba, hannunta ba zai iya rubuta cewa ta faɗi ba. Baba ya tambaye ta ina za a jefa ta idan aka rufe nan, ita da saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Daga baya ta shigo kicin tana fifita da littafi, ta ce mini, "Ai ba asara za ta yi ba, Zulma. Zan samo mata littattafan sakandare mu riƙa yi a nan. Kafin ta je ma ta wuce sa'o'inta." Na ce haka ne. Ni ma ina da tawa hujjar. Kicin ɗin nan shi kaɗai ne inda ake girmama ni a kira ni Doña Zulma mai aikin gwamnati. A gida kuwa ni ce wadda ba ta yi aure ba, mai wanke wa Baba safa.

Maris ya zo. Noelia ta hau dokinta ta bi ni makaranta da farar rigarta da shuɗin ƙyallen wuya. Malama ta kaɗa ƙararrawa, mutum ɗaya ta yi layi. Aka ɗaga tuta, mutum ɗaya ta yi waƙa. Aka kira suna a rajista, ta amsa. Benci goma sha biyu ne a ɗakin, kullum sai ta sauya wanda za ta zauna a kai, wai tana neman mai sa'a.

Matsala ta farko sufeto ce, mai duba makarantu. Sau biyu take zuwa a shekara, kuma wadda aka ce ta maimaita aji ba za a same ta tana karatu kamar ruwa ba. Sati guda Baba yana horar da jikarsa a kan teburin cin abinci.

"Kin yi sauri. Tsaya a tsakiyar kalmar, ki koma baya. Sa yatsa. Yawwa. In ta ce bakwai sau takwas fa?"

"Hamsin da shida."

"Ke dai ba kya jin magana. Ki dubi rufi tukuna, ki ƙirga yatsu, sannan ki ce hamsin da huɗu."

Ranar da sufeto ta zo, Noelia ta yi abin kamar wadda aka haifa da shi. Ta yi in'ina, ta bi layi da yatsa, ta dubi rufi. Matar ta girgiza kai cikin tausayi, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ci dafa-dukan da na yi mata ta tafi. Da yamma aka sa yarinya ta maimaita a tsakar gida, Heber yana riƙe ciki, Baba har da hawayen dariya. Ita ma ta yi dariya. Ni ma na yi, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da sanyi ya shigo a watan Yuni abin ya daina zama wasa. Littattafan da Malama ta samo guda uku ne, Noelia ta cinye su cikin wata biyu, sauran da aka yi alkawari ba su taɓa zuwa ba. Aka koma littafin aji shida, wanda ta haddace har da inda aka yi kuskuren bugu. Zama ya gagare ta. Sai ta tashi ta goge allon da ba a rubuta komai a kai ba, ta leƙa taga, ta dawo, ta sake tashi. Lokacin tara ba ta da abokin wasa, sai ta bi shingen waya tana zagaye filin, zagaye goma, ashirin, har ƙafarta ta fitar da hanya a cikin ciyawa. Duk motar da ta wuce can nesa a kan hanyar gari sai ta tsaya ta bi ta da ido har ta ɓace. Ta cinye farcenta har nama. Ranar ruwa nakan soya mata wainar fulawar da take so, sai ta gutsura ta bar sauran.

"Goggo, yanzu a gari me suke yi?"

"Karatu mana, irin wanda kike yi."

"Ba irinsa ba ne." Ta tashi ta koma shinge.

Lokacin askin tumaki na tare Wilmar a rumfa, yana danna ulu a buhu.

"Yaya, kana kuwa kallon 'yarka?"

"Me ya same ta? Tana ci tana sha."

"Ta rame. Ba ta iya zama wuri ɗaya."

"Girma ne." Ya ci gaba da danna ulu. "Zulma, tumakin nan na wa? Gidan da nake kwana na wa? Kina so in ce wa Baba a'a, in kwashi Mirta mu tafi ina? Kuma garin nan da kuke ta zumuɗi, ba ki ga yadda yara ke lalacewa a can ba? Gara ta ƙara hankali. Saura wata biyu ma a gama."

Ba a gama ba. Hukuma ta ce ba ta rubuta yaro sai ya cika huɗu, ko jikan wane ne. Kuma ba a barin ɗalibi ya maimaita aji shida sau biyu sai da takardar ƙwararru, mai cewa yaron yana da nauyin fahimta. Sai an kai shi gari an gwada shi, iyaye su sa hannu.

A nan Noelia ta tubure. "Kaka, shekara ɗaya ka ce. Na yi maka. Ba zan je in ce ni doluwa ce ba."

"Wa ya ce doluwa? Takarda ce kawai, a aljihun tebur za ta kwana."

"To a rubuta wa Tadeo."

Heber ya ce, "Kai, ji bakin yarinya. Wannan ce za a ce ba ta da kai?"

Baba bai yi faɗa ba. Da faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ɗaki ya shiga ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Ya ƙi abinci, ya ƙi mate, mutumin da tun da na yi wayo ban taɓa ganin rana ta fito ba ƙoƙo a hannunsa ba. In an leƙa sai ya yi nishi ya ce a bar shi, gara a binne shi kafin a rufe makarantar kakansa. Kwana huɗu aka yi a haka. Ni da ke share ɗakin na ga ɓawon cuku a ƙarƙashin gado, na share na zubar kafin kowa ya gani.

A rana ta biyar Mirta ta samu 'yarta a wurin wanki, ta riƙe hannayenta tana kuka. "Ki rufa mana asiri. In tsohon nan ya mutu, har abada za a ce ke kika kashe shi, ni kuma a ce ni na zuga ki. Ni bare ce a gidan nan, kin sani. Shekara ɗaya ce ta rage, me ke cikin shekara ɗaya?"

Ni aka sa na raka ta gari a farkon Maris, don uwarta ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Daga tasha zuwa ofishin gwajin dole sai ka wuce ta gaban sakandare, kuma muka yi rashin sa'a lokacin tara ne. Yara sun cika bakin titi, suna ture juna, suna cin burodi, littattafai a hammata. Noelia ta ja ta tsaya cak. Na ja hannunta, ta ƙi motsi. Sai da aka kaɗa musu ƙararrawa suka shige har na ƙarshe, sannan ta bi ni.

A ofishin wata mata mai fara'a ta ba ta hotuna ta jera, ta ba ta ɗan labari ta karanta. Yarinya ta sa yatsa, ta yi in'ina, ta dubi rufi. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Matar ta tambaye ni ko tun tana ƙarama haka take. Na buɗe baki na ce, "Eh, kusan haka." Aka buga hatimi.

Shekara ta biyu ita ce ta gyara. Baba ya tara kwamitin tsofaffin ɗalibai, aka sauya kwano, aka yi fenti, aka kankare benci, aka wanke ƙararrawa har tana ɗaukar ido. Aka fito da tsofaffin rajistoci daga akwati, wasu asu ya ci gefensu. Shawara ta tsaya a kan a kwafe sunan duk wanda ya taɓa zama a ɗakin nan a manyan takardu, a manna a bango ranar biki. Wa ke da rubutu mai kyau? Noelia. Suna dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu ta kwafe, wata huɗu tana yi, an kuma gargaɗe ta in an tambaya ta ce rubutun Malama ne.

Wata rana ta shigo kicin da rajista a buɗe. "Goggo, ga ki nan. Zulma Larrosa, aji biyar. An rubuta: an cire ta don taimakon gida."

"Lokacin ne kakarki ta kwanta ciwo."

"Na ƙirga irinki saba'in da ɗaya. Mata sittin da takwas." Ta rufe littafin. "Su an cire su, ni an hana ni fita. Wanne zan rubuta a gaban sunana?"

Na ce ta miƙo mini gishiri.

Abin da ya fi ba ni tsoro a shekarar shi ne yadda gidan ya fara gaskata takardar. Farar rigar ta matse ta, an saki kalmasa har ba sauran abin saki, ta fara tafiya a duƙe tana rufe ƙirji da hannu. Magana ta ragu. In ta fara sai ta tsaya a tsakiya, kamar mai duba ko wannan wurin na yin daidai ne ko na yin kuskure. Kafin ta ƙarasa wani ya ƙarasa mata. Ta fasa faranti sau biyu, sai na ji Mirta tana gaya wa matar Heber, "Dama ita tun tana jaririya ta yi jinkirin tafiya." Ƙarya ce, a wata goma ta tashi, ni na riƙe hannunta. Heber ya raɗa mata suna Farfesa, in ya faɗa yana kashe ido. Maƙwabta kuwa da ba su san komai ba, labari ya kai musu cewa 'yar Wilmar ba ta cika ba, suka fara yi mata magana da ƙarfi a hankali kamar kurma.

Bikin ya zo a Oktoba, ciyawa ta yi kore, rana mai daɗi. An yanka shanu shida. Motoci sun cika filin har bakin rafi, tsofaffin da suka bar Paso Larrosa shekara hamsin suka dawo da jikokinsu suna neman sunayensu a bango, suna yaba rubutun Malama. An yi tseren dawaki, masu kiɗa sun zo, tsofaffi mata suna rungume juna suna kuka. Ba zan ɓoye ba, wurin ya yi kyau, ni kaina sai da ƙwalla ta zo mini da na ga sunan mahaifiyarmu.

Noelia aka ba tuta. Shekararta sha huɗu, ta fi Malama tsawo, hannun rigar ya tsaya mata a gwiwar hannu. Sufeto ta hau kan akwati ta yi jawabi. Ta ce girman makaranta ba a yawan ɗalibai yake ba. Ta ce ga makarantar da ta ƙi yar da yarinya ɗaya mai rauni, ta riƙe ta shekara biyu da haƙuri, ga kuma iyalin da ba su ji kunyar 'yarsu ba. Mutum ɗari huɗu suka juyo suka dubi Noelia suna tafi. Wata mata ta matso ta shafa mata kumatu ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah." Baba yana gaba, hula a ƙirji, yana gyaɗa kai.

A wurin cin nama wani tsoho ya dafa kan Tadeo ya ce to ga mai riƙe makaranta baɗi. Heber ya goge maiƙo a bakinsa.

"Wa? Ai mun riga mun rubuta shi a gari. Mun kama gida can, Janairu za mu tare."

Na ce, "Heber, me ka ce?"

"Haba Yaya Zulma, ke ma ki duba mana. In ajiye ɗana shi kaɗai a aji, ba abokin wasa, ba kowa? Ai sai ya koma..." Ya nuna Noelia da haɓa, tana can tana tattara faranti. Bai ma rage murya ba.

Na juya wurin Baba, ina jiran ya kife teburin. Wilmar ma shi yake kallo, karo na farko a shekara biyu na ga ya ɗaga kai. Baba ya tauna namansa a hankali ya haɗiye.

"Yaro ya yi tunani," in ji shi. "Ɗarin dai ta cika. Kuma sufeto ta ce tunda ta kai ɗari ba za a kwashe komai ba, gidan tarihi za a mai da ita. Ni za a ba mabuɗi."

A Disamba aka kaɗa ƙararrawar ƙarshe. Malama ta yi ritayarta, aka ba ta furanni. Ni aka sallame ni da takardar yabo.

Da Maris ya zagayo ban nemi izinin kowa ba. Na ce wa Noelia ta shirya, muka hau motar safe. A hanya sai murza gefen siket ɗinta take yi, ta tambaye ni sau uku ko za a yi mata dariya don ta girmi 'yan ajin. Amma idonta ya yi wani haske da na daɗe ban gani ba.

Mataimakiyar shugabar sakandaren ta buɗe fayil, ta karanta, ta cire tabarau. Ta ce da irin wannan takarda ba ajin kowa da kowa ake sa yaro ba, akwai wani sashe da ake koyar da ɗinki da girki, sau uku a sati.

Na ce, "Ranki ya daɗe, takardar nan ƙarya ce. Mu muka shirya ta, har da ni. Yarinyar nan ta fi duk wanda ke gidanmu kai." Na kwashe komai na gaya mata, tun daga Lahadin nan har bikin.

Matar ta daɗe tana kallona, kallon da na cancanta. Sannan ta ce, "In haka ne abin da sauƙi. Ta karanta mini shafi ɗaya yanzu, in rubuta a sake gwada ta." Ta zaro littafi daga kan tebur ta buɗe ta miƙa. "Karanta, 'yata. Kada ki ji tsoro."

Noelia ta karɓa. Na ga idonta ya bi layin farko har ƙarshe, na san ta gane shi tsaf. Ta buɗe baki. Kalmar farko ta fito, ta biyu ta karye a tsakiya. Ta koma baya. Yatsanta ya hau kan takardar da kansa, ta janye shi, ya sake hawa. Gumi ya keto mata. Ta dubi rufi, ta yi sauri ta sauke kai kamar wadda aka kama da sata, ta sake farawa, in'inar ta ƙaru. Layi uku ta yi a minti biyar. Matar ta karɓi littafin a hankali ta rufe, ta ce mini in je in yi tunani a kan sashen ɗinkin, suna da kirki a can.

Sai da muka fito bakin titi ta yi magana.

"Goggo, wallahi wannan karon ba da gangan na yi ba."

Na ce na sani. Na rungume ta a nan kan titi, mutane suna ratsa mu. Ba ta yi kuka ba, ni na yi.

Ga abin da nake so masu zuwa ɗaukar hoto su sani. Babu wanda ya taɓa dukan yarinyar nan, babu wanda ya hana ta abinci. Kowa a gidanmu zai rantse yana son ta, kuma kowa yana da hujjarsa mai kyau: wannan tarihi, wannan rufin asiri, wannan ritaya, ni kicin. An gina ɗakin nan ne don 'ya'yan makiyaya su iya karatu, muka ɗauki wadda ta fi kowa iyawa muka koya mata rashin iyawa, don kada bango ya rasa mai zama a gabansa. Duwatsun suna nan daram, ko ɗaya bai goce ba. Ban yafe wa kaina ba, kuma ban ga ranar da zan yafe ba.

Da la'asar muka iso gida. Baba yana zaune a bakin ƙofa, mabuɗin makaranta rataye a ɗamararsa, ya dawo daga zagayawa da wasu baƙi.

"An ɗauke ta?"

Na ce ba a ɗauke ta ba, ta kasa karatun.

Ya girgiza kai, ya yi ajiyar zuciya, da gaske abin ya taɓa shi. "To, ya za a yi. Dama ni na daɗe da lura yarinyar nan kanta bai cika ja ba. Su ƙwararrun ai ba a banza suka rubuta ba." Ya girgiza fulas ɗinsa ya ji babu ruwa, ya miƙa mata. "Noelia, ɗora mini ruwan zafi. Ruwa, kin gane? A buta."

Ta karɓa ta shiga ciki.